Fursunan Batikan: Yadda Fafaroma Ya Rasa Ƙasarsa

Da tsakar daren 12 ga Yulin 1881 aka fito da gawar Fafaroma Pius na Tara daga majami'ar Waliyyi Bitrus, shekara uku da 'yan watanni bayan rasuwarsa. Ya bar wasiyya a binne shi a majami'ar San Lorenzo da ke bayan ganuwar Roma ta gabas, kuma an zaɓi dare ne don a ratsa gari ba tare da hayaniya ba. Sai dai labari ya riga ya bazu. Dubban mabiya suka biyo karusar da ke ɗauke da akwatin, da fitilu a hannu, suna addu'a. Da aka iso gadar Sant'Angelo, wani gungu na masu ƙin limaman Coci ya far musu da jifa da zagi, ana ihu a jefa gawar cikin kogin Tiber. Da kyar 'yan sanda suka raba, aka kai shi makwancinsa kafin gari ya waye.

Shekara 35 kafin wannan dare, mutanen Roma sun taɓa kwance dawakin karusar mutumin nan suka ja ta da hannuwansu saboda tsabar ƙauna. Abin da ya faru tsakanin waɗannan ranaku biyu shi ne labarin yadda aka haifi ƙasar Italiya, da yadda shugaban Katolikan duniya ya wayi gari ba shi da taƙin ƙasa ko ɗaya da zai ce nasa ne.

Mai karatu na yau ya san Fafaroma a matsayin dattijo mai farar riga da ke wa'azin zaman lafiya ta taga. A da yana da wata riga bayan wannan, ta sarauta. Tun shekarar 756, lokacin da Pepin sarkin Faransawan farko ya ƙwace wasu garuruwa daga hannun Lombardawa ya miƙa wa Fafaroma Stephen na Biyu, kujerar Bitrus take da ƙasa tata. Ƙasar ta yi ɗamara a tsakiyar Italiya daga teku zuwa teku, ta haɗa Roma da Bologna da Ancona da Perugia, da mutane sama da miliyan 3 a tsakiyar ƙarni na 19. Fafaroma yana karɓar haraji, yana da soja da kurkuku da hauni. Gwamnonin larduna kadinal-kadinal ne, manyan alƙalai limamai ne, littafi ba ya fita sai da izininsu. Faransawa sun rusa wannan mulki sau biyu: sojojinsu suka kama Pius na Shida wanda ya mutu a tsare a Faransa a 1799, Napoleon kuma ya tsare Pius na Bakwai daga 1809 zuwa 1814. Taron Vienna na 1815 ya mayar da kusan komai yadda yake. Gregory na Sha Shida, wanda ya riga Pius na Tara, ko layin dogo bai yarda a shimfiɗa a ƙasarsa ba.

Shi ya sa da aka zaɓi Giovanni Maria Mastai-Ferretti a watan Yunin 1846, yana ɗan shekara 54, ya kuma fara da yi wa fursunonin siyasa afuwa, gari ya ɗauka. A lokacin Italiya suna ne kawai a taswira: Ostiriya ta riƙe Milan da Venice, gidan Bourbon yana Naples da Sicily, gidan Savoy yana Turin, sauran ƙananan sarakuna kowa da yankinsa. Masu fafutukar haɗa kan ƙasar suka ga kamar Allah ya aiko musu jagora, Fafaroma ɗan Italiya da zai tsaya a gaba a kori baƙo.

Nan ne igiyar ta tsinke. Da yaƙi ya ɓarke da Ostiriya a 1848, Pius ya fito ranar 29 ga Afrilu ya ce shi uba ne ga dukan Katolika, ba zai ɗaga takobi a kan Ostiriyawa ba, su ma 'ya'yansa ne. A matsayinsa na limami gaskiya ya faɗa, kuma babu wata magana da ta dace da bakinsa ban da ita. Talakawan da yake sarauta kuwa suka ɗauke ta a matsayin cin amana. Duk rikicin shekaru tamanin da suka biyo baya yana cikin wannan rana ɗaya, domin riguna biyun da yake sanye da su sun buƙaci abubuwa biyu masu karo da juna. A watan Nuwamba aka daɓa wa firaministansa Pellegrino Rossi wuƙa a wuya a ƙofar majalisa. Bayan kwana tara Pius ya sa baƙar riga irin ta ƙaramin fada, ya sulale da dare zuwa Gaeta, cikin ƙasar sarkin Naples. Masu fafutukar haɗa kan ƙasar suka kafa jamhuriya a Roma, Mazzini yana mulki, Garibaldi yana tsaron ganuwa, har sojojin Faransa suka murƙushe su a Yulin 1849. Pius ya dawo a Afrilun 1850 a bayan bindigogin Faransa, kuma ya dawo da zuciyar da ta daina yarda da duk wani abu mai suna canji.

Akwai abu ɗaya daga shekarun nan da ba zan iya tsallakewa ba, don ya fi dogon bayani nuna abin da ake nufi da haɗa ikon addini da ikon ɗan sanda a hannu ɗaya. A watan Yunin 1858, 'yan sandan Fafaroma suka ƙwanƙwasa ƙofar wani Bayahude ɗan kasuwa a Bologna, suka tafi da ɗansa Edgardo Mortara mai shekara shida. Dalili shi ne wata 'yar aikin gidan ta ce ta taɓa yi wa yaron baftisma a ɓoye lokacin da yake jariri yana rashin lafiya, dokar ƙasar kuwa ta hana Kirista ya tashi a hannun wanda ba Kirista ba. Iyaye suka yi kuka, jaridun Turai da Amurka suka yi ca, Napoleon na Uku na Faransa da sojojinsa ke gadin Roma ya nuna ɓacin ransa. Pius ya ce ba zai iya mayar da shi ba. Yaron ya girma a Roma, ya zama fada, ya mutu a Beljiyam a 1940. Babu hujjar aƙida da za ta wanke raba uwa da ɗanta ɗan shekara shida, kuma Katolika da dama na wancan zamani sun san haka. Daga ranar, duk mai son ya kare mulkin Fafaroma a majalisun Turai sai ya ji bakinsa ya yi nauyi.

Sauran ya zo da sauri. Cavour, firaministan Piedmont, ƙasar gidan Savoy, ya jawo Faransa suka kori Ostiriya daga Lombardy a 1859, Bologna da kewayenta suka fice daga hannun Fafaroma. A 1860 Garibaldi ya ci Sicily da Naples da mutum dubu masu jajayen riguna, sojojin Piedmont kuma suka fatattaki na Fafaroma a Castelfidardo ranar 18 ga Satumba. Ranar 17 ga Maris 1861 aka naɗa Victor Emmanuel na Biyu na gidan Savoy sarkin Italiya, kuma bayan kwana goma majalisa ta ayyana Roma a matsayin babban birni, alhali birnin yana hannun wani. Cavour ya yi tayin da ya kira Coci mai 'yanci cikin ƙasa mai 'yanci, ya mutu a watan Yuni bai ji amsa ba. Garibaldi ya yunƙura sau biyu da kirarinsa na ko Roma ko mutuwa. A karo na farko, a Aspromonte a 1862, sojojin Italiya da kansu suka harbe shi a ƙafa don gudun fushin Faransa. A na biyu, a Mentana a 1867, Faransawa suka kore shi.

Yayin da ƙasa ke zaizayewa a ƙarƙashin ƙafarsa, Pius ya juya ga ɗaya ikon. A Disambar 1864 ya fitar da jerin kurakurai 80 na zamani, na ƙarshensu shi ne ra'ayin cewa ya kamata Fafaroma ya sasanta da ci gaba da wayewar zamani. Sannan ya tara bishof-bishof sama da 700 daga ko'ina a duniya, suka zauna taron Batikan na farko. Ranar 18 ga Yulin 1870, ana tsawa da walƙiya har majami'ar ta yi duhu, suka kaɗa ƙuri'a 533 da 2 cewa Fafaroma ba ya kuskure idan ya yanke hukunci daga kan kujerarsa a kan aƙida ko ɗabi'a ga dukan Coci. Wasu da ba su yarda ba sun bar gari kafin ranar don kada su ce a'a a gabansa. Kashegari Faransa ta shelanta yaƙi da Prussia. Cikin 'yan makonni ta kwashe sojojinta daga ƙasar Fafaroma, a farkon Satumba kuma aka kama Napoleon na Uku a Sedan. Mai gadi ya tafi.

Da asubar 20 ga Satumbar 1870 igwogin Janar Raffaele Cadorna suka fara dukan tsohuwar ganuwar Roma kusa da ƙofar da ake kira Porta Pia. Yana da soja wajen dubu 50, Fafaroma yana da kimanin dubu 13 a ƙarƙashin Janar Kanzler, da yawansu 'yan sa-kai daga Faransa da Holan da Beljiyam da Kanada. Pius ya san ba yaƙin ci ba ne. Abin da yake so shi ne duniya ta shaida cewa da ƙarfi aka shiga, ba shi ya buɗe ƙofa ba. Kafin hantsi ya dubi ludayi ganuwa ta ɓule, aka ɗaga farar tuta a kan ƙubbar Waliyyi Bitrus. An kashe sojojin Italiya 49 da na Fafaroma 19. Mulkin da ya haura shekara 1,100 ya ƙare cikin awa biyar. Bayan wannan rana ne kuma Yahudawan Roma, waɗanda aka killace a unguwa ɗaya tun 1555, suka zama 'yan ƙasa kamar kowa.

Gwamnatin Italiya ba ta so a ce ta wulaƙanta Fafaroma. A watan Mayun 1871 ta yi doka ta ba shi darajar sarki, da 'yancin karɓar jakadu, da amfani da fadar Batikan da ta Lateran da gidan hutu na Castel Gandolfo, da lira 3,225,000 duk shekara. Pius ya ƙi ko kallon kuɗin. Hujjarsa tana da ƙarfi, kuma ya kamata a yi masa adalci a nan: dokar da majalisa ta yi yau, majalisa tana iya soke ta gobe, kuma Fafaroman da ke cin albashin sarkin Italiya, yaya Bafaranshe ko Bajamushe zai yarda cewa maganarsa tasa ce? Ya kori duk masu hannu a mamayar daga Coci, ya rufe kansa a Batikan, ya ce shi fursuna ne. Da aka nemi makullan fadar Quirinale, inda Fafaromomi suka daɗe suna zama, aka hana, sai da gwamnati ta kira maƙeri ya ɓalle ƙofa sannan sarki ya samu wurin kwana a babban birninsa.

Roma ta rabu biyu, har cikin gidajen biki. Manyan gidajen da suka tsaya da Fafaroma aka kira su baƙaƙe, waɗanda suka bi sarki farare. Gidan Lancellotti ya rufe babbar ƙofarsa don makoki a 1870, ba a sake buɗe ta ba sai 1929. Batikan ta umarci Katolika kada su tsaya takarar majalisar ƙasa, kada su kaɗa ƙuri'a. A ƙasar da kusan kowa Katolika ne, wannan ya sa mutum na kirki ya rasa inda zai sa kansa: in ya bi limaminsa ya zama baƙo a ƙasarsa, in ya bi ƙasarsa ya ji kamar ya saɓa wa Allah. Sabuwar Italiya ta tashi da gurguwar ƙafa saboda haka, domin miliyoyin manoma masu zuwa coci ba su taɓa jin gwamnatin tasu ce ba. Ɗaya ɓangaren ma bai bar tsokana ba. A 1889 aka kafa gunkin masani Giordano Bruno a dandalin Campo de' Fiori, daidai inda Coci ta sa aka ƙone shi da ransa a 1600, aka juya fuskarsa tana kallon Batikan.

Sarki da Fafaroma sun mutu wata ɗaya tsakani a farkon 1878, Victor Emmanuel a Janairu, Pius a Fabrairu, bayan ya shafe kusan shekara 32 a kan kujera. Da ya ji sarki yana gargara, ya yarda a je a yi masa addu'o'in ƙarshe. Magadansa uku, Leo na Sha Uku da Pius na Goma da Benedict na Sha Biyar, duk sun shiga Batikan ranar zaɓensu ba su sake fita ba. Ko albarkar farko ta ciki suke juyawa su sa wa jama'a, don kada su fuskanci birnin da aka ƙwace.

Abin da ba wanda ya zata shi ne a wannan zaman kulle ne martabar kujerar ta ƙaru. Katolika daga Ireland zuwa Brazil suka riƙa aiko da sadakar da ake kira kuɗin Bitrus, hoton Fafaroma ya shiga ɗakunan talakawa, jiragen ƙasa suka riƙa kawo maziyarta. Leo, wanda ba shi da lardin da zai tatsa ko ɗan tawayen da zai rataye, ya samu bakin yin magana a kan haƙƙin ma'aikata da albashin adalci a wasiƙarsa ta 1891, aka kuma saurare shi. Benedict ya kira yaƙin duniya na farko kisan banza a 1917, ɓangarorin biyu suka ji haushinsa. A ganina, abin da Pius ya ɗauka musiba ce ita ta sauke wa magadansa kayan da suka fi ƙarfin wuyansu. Amma wannan a bayyane yake ga wanda ya zo daga baya ne kawai. Su a lokacin gani suke suna zaune a gidan aro, kuma tsoronsu ba na banza ba ne: a yarjejeniyar sirri ta London ta 1915, Italiya ta sa sharaɗin kada a ba Fafaroma kujera a teburin sulhu.

A hankali aka sassauta haramcin zaɓe, Benedict ya ɗage shi baki ɗaya a 1919. Wani fada ɗan Sicily, Luigi Sturzo, ya kafa jam'iyyar Katolika mai bin dimokuraɗiyya, ta ci kujeru 100 a zaɓen farko. Da an bar wannan shuka ta girma, da wataƙila sulhun ya zo ta hannu mai tsabta. Sai ga Mussolini ya hau mulki a Oktoban 1922. Mutumin nan ya yi ƙuruciyarsa yana zagin limamai a jarida, amma ya san inda ƙarfi yake. Ya mayar da gicciye cikin azuzuwa da kotuna, ya ceto Banco di Roma da kuɗin Coci ke ciki daga durƙushewa. A daidai lokacin kuma 'yan barandansa suna dukan matasan Katolika a ƙauyuka, har suka kashe Fada Giovanni Minzoni a Argenta a watan Agustan 1923. Batikan ta auna, ta zaɓi gwamnati. Aka matsa wa Sturzo ya sauka daga shugabancin jam'iyya a 1923, a 1924 ya tafi gudun hijira.

Tattaunawar sirri ta fara a 1926, lauya Francesco Pacelli yana wakiltar Pius na Sha Ɗaya, magajin Benedict. Ranar 11 ga Fabrairun 1929, a fadar Lateran, Kadinal Pietro Gasparri da Mussolini suka sa hannu. Fafaroma ya amince da Italiya da Roma a matsayin babban birninta. Italiya ta amince da sabuwar ƙasa mai cikakken iko, Birnin Batikan, mai faɗin hekta 44, wadda mutum zai zagaye da ƙafa cikin awa ɗaya. Aka biya diyyar lira miliyan 750 a hannu da biliyan ɗaya a takardun lamunin gwamnati. Katolika ta zama addinin ƙasa ita kaɗai, auren coci ya zama aure a idon doka, aka shigar da darasin addini makarantun sakandare. Pius ya ce ƙasar da yake buƙata ita ce gwargwadon jikin da zai riƙe rai, kuma a wannan ya fi magabatansa hangen nesa. Ranar 25 ga Yulin 1929 ya fito dandalin Waliyyi Bitrus cikin jerin gwano, karo na farko da wani Fafaroma ya yi haka cikin shekara 59.

Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kwana biyu bayan sa hannu, Pius ya ambaci Mussolini a matsayin mutumin da ƙaddarar Allah ta haɗa su da shi, kuma farfagandar gwamnati ta yi ta yawo da wannan kalma shekara da shekaru. Ɗan kama-karya ya samu abin da ba wata gwamnatin Italiya da ta taɓa samu, wato albarkar Coci. An yi rigima a 1931 da gwamnati ta rufe ƙungiyoyin matasan Katolika, Pius ya yi rubutu mai zafi, aka sasanta. Babban askin ya zo a 1935, kuma a Afirka aka yi shi. Kafin Italiya ta auka wa Habasha, Pius ya faɗa wa wani taron ma'aikatan jinya cewa yaƙin cin ƙasa zalunci ne, amma da maganar za ta fito a jaridar Batikan sai aka rage mata kaifi. Da yaƙin ya fara a watan Oktoba, bishof-bishof na Italiya suka sa wa tutoci albarka, wasu suka ba da zobbansu na zinariya, Kadinal Schuster na Milan ya yi huɗubar cewa sojojin suna kai gicciyen Almasihu ne. Ƙasar da ake kai wa gicciyen ta karɓi Kiristanci tun ƙarni na 4. An zuba mata iskar guba daga jiragen sama, kuma a watan Mayun 1937 sojojin Graziani, mai mulkin Habasha a madadin Italiya, suka harbe ɗaruruwan sufaye da ɗalibai na gidan ibadar Debre Libanos, bisa lissafinsa shi kansa, masu bincike na baya kuwa sun ce adadin ya wuce haka nesa. Ba a ji kalmar Allah wadai daga tagar Batikan ba. Fafaroman da ya samu ƙasa don maganarsa ta zama mai 'yanci ya yi shiru a ranar da aka fi buƙatar maganar, kuma wannan yana yi mini ciwo a duk lokacin da na karanta shi.

A ƙarshen rayuwarsa Pius na Sha Ɗaya ya gane da wa ya ƙulla. Da Hitler ya zo Roma a watan Mayun 1938, Pius ya bar gari zuwa Castel Gandolfo, ya sa aka rufe gidajen tarihin Batikan. Dokokin wariyar Yahudawa na wannan shekara sun ɓata masa rai ƙwarai. Ya kira dukan bishof-bishof na Italiya su hallara ranar cika shekara goma da yarjejeniyar, ya rubuta jawabin da zai yi musu da hannunsa. Ya rasu ranar 10 ga Fabrairun 1939, saura kwana ɗaya.

Mussolini ya faɗi, sarautar Savoy ta bi shi a ƙuri'ar 1946, yarjejeniyar kuwa ta tsaya. An shigar da ita cikin sashe na 7 na tsarin mulkin jamhuriya a 1947, har 'yan gurguzu na Togliatti suka kaɗa mata ƙuri'a don kada a sake tayar da tsohon rikici. A 1962 Kadinal Montini na Milan ya tsaya a zauren birnin Roma ya ce rasa mulkin duniya wata rahama ce Allah ya yi wa Coci. Da ya zama Fafaroma Paul na Shida, ya ajiye kambin sarauta mai hawa uku a 1964, a 1970 kuma ya sallami rundunonin fada ya bar dogaran Suwizalan kawai. Italiya ta halatta saki a 1970 duk da adawar Coci, jama'a suka tabbatar da dokar a ƙuri'ar 1974. Ranar 18 ga Fabrairun 1984 Firaminista Bettino Craxi da Kadinal Agostino Casaroli suka sake rubuta sashen da ya shafi Coci a cikin Italiya: Katolika ta daina zama addinin ƙasa, darasin addini ya koma na ganin dama, gwamnati ta daina biyan limamai kai tsaye. A madadin haka, duk mai biyan haraji yana zaɓa a takardarsa inda za a kai kashi takwas cikin dubu na harajin kuɗin shiga, ko ga Cocin Katolika, ko ga wani addinin da ya ƙulla yarjejeniya da gwamnati, ko ga gwamnatin kanta.